Kambun Da Wasila Ta Ɗaura

"Kada ki tako mana gida, mayya!"

Wasila ta ci birki a bakin zaure. Ramlatu ce, 'yar kawun Tahiru saurayin Wasila, ta tare ƙofa kamar gidan ubanta.

Tun da fari ya cinye ciyawar Damagaram Tahiru ya kora shanun mahaifinsa kudu. Ranar tafiya Wasila, 'yar dukawa, ta ɗaura masa kambun fata a damtse, ɗinkin hannunta. Ya rantse ba mai kwancewa sai ita.

Yanzu ga shi ya dawo Zinder a bayan kamyo, babbar motar kaya, jiki zafi rau, sai sambatu. An ba shi kinin, an yi hayaƙi, shiru.

"Duk wanda ya taɓa kambun nan sai ya yi ihu," in ji Ramlatu. "Sammu kika ɗinke a ciki."

Dama Inna, uwar Tahiru, ba son haɗa zuri'a da dukawa take ba. Abin nema ya samu.

Kunyar surukai? Wasila ta ajiye ta nan zaure. Ta bangaje Ramlatu ta shige.

Wayyo, Tahiru ya zama ƙashi da rai.

"Masoyina... ni ce. Bani hannun."

Bai buɗe ido ba, amma ya miƙa.

Ta sa aska ta yanke kambun. Ƙarƙashinsa ga baƙin tabo ya kumbura, ga kaska ta ƙoshi da jini, maƙale a wurin da ba mai dubawa.

Ta juya wajen Inna.

"Inna, ba sammu ba ne... amma ni na rufe wurin. Don Allah a kai shi likita."

A likita, majo Rifkatu mai jinya ta ce zazzaɓin kaska ne, da an ƙara kwana sai dai gawa. Wasila ta kasa zaune ta kasa tsaye, har ranar da zufa ta karyo masa.

Yana farkawa ya shafa damtse.

"Wa ya cire?"

"Ni da na ɗaura."

"To na cika alkawari ke nan..."

"Alkawarin da ya kusa kashe min kai," ta faɗa cikin kuka.

Inna ta daɗe tana kallonsu. Ramlatu ta miƙo hannu za ta karɓi kwanon kunu, Inna ta zagaye ta, ta miƙa wa Wasila.

"Ungo, 'yata. Ki ba mijinki."