Wa Za A Haɗa Ɗaki Da Wa

Ranar da Hazirah ta fara ganin Fakhrul, da takarda ta shigo ofishinsu, ta ninke ta huɗu, ruwan sama ya jiƙa mata gefen mayafi. Ƙaramin ofishi ne a garin Klang, tsakanin mai gyaran waya da mai gasa roti. Tikiti suke sayarwa, na jirgin sama da na ruwa.

"Jirgin ruwa nake so, kwana uku, Penang da Phuket a dawo," ta ce. "Abah, mahaifina, shi ne ya yi ritaya. Mu goma sha huɗu ne, ɗaki biyar."

Saurayin ya karɓi takardar, ya gyara tabarau, ya karanta a fili.

"Tok. Abah. Mak. Mak Long. Pak Ngah. Busu. Baby Babba. Baby Ƙarama." Ya ɗago, ya kira ta Cik, wato Malama. "Cik, jirgi ba ya ɗaukar Tok. Sunan da ke cikin fasfo yake ɗauka. Yaya sunan Tok?"

Hazirah ta leƙa takardar. Shekararta ashirin da shida, ita ke yanke wa kakarta farce, ba ta taɓa jin wani ya kira sunanta ba.

"Sunanta Tok."

"Haka tawa ma," ya ce, bai ko yi murmushi ba. "Sai da aka kwantar da ita asibiti muka ji ashe Kalsom ce. Har ita sai da ta waiga."

Dariya ta ƙwace mata. Shi kuma ya jawo taswirar jirgin ya shimfiɗa, ya ɗauki fensir.

"To, wa ke minshari?"

"Pak Ngah, kawuna."

"Ƙarshen layi. Wa da wa ba sa magana?"

"Wa ya ce maka akwai?"

"Mutum goma sha huɗu ne, Cik."

Ta ja kujera ta zauna sosai. "Gwaggonnina, Mak Long da Busu. Tun rabon gonar itatuwan durian."

"Sai mu sa lif a tsakaninsu."

Awa ɗaya da rabi ta yi a wurin. Da ta fito, ta ga ta gaya wa baƙo abin da ko ƙawarta ba ta sani ba, kuma ta manta lemarta.

Mak Long yayar Abah ce. Shekara shida ke nan da mijinta ya samu sarautar Datuk, ita ta zama Datin, tun daga ranar ba ta ƙara ɗaukar jakarta da kanta ba. Da aka saka taswirar a gurup ɗin gida, ita ta fara magana: hawa na ƙarshe take so, can gaban jirgi, mai baranda. Fakhrul ya aiko a gaya mata nan ne ya fi jijjiga idan teku ta motsa. Ta ce a gaya wa yaron ita ba ta jiri, sau biyu tana zuwa Landan.

Saƙonninsu kuwa da fasfo suka fara.

"Cik Hazirah, na Baby Ƙarama saura wata huɗu ya mutu. Sai an sabunta."

Bayan sati biyu:

"Shugabar tafiya, lemarki ta gaji da zama a ofis. Ta ce ko dai ki zo, ko a kai ta shan cendol mai ƙanƙara ranar Asabar."

"Ka ce mata ƙarfe huɗu."

Bayan wata guda ba a ƙara maganar lema ba.

"Zirah, yau na raba wa wasu mutum talatin ɗakuna, ban yi kuskure ko ɗaya ba. Na zo rubuta sunana a ƙasa na rubuta naki."

"Abang, za su kore ka," ta amsa. Abang, wato Yaya, kiran masoyi ne.

"Su kora. Tok Kalsom na tambaya ko kina cin yaji."

"Ka ce mata da cokali."

Ana haka Mak Long ta sanar cewa an zama goma sha biyar. Ɗan ƙawarta zai bi su, Dakta Shahrizal, don ya sha iska. Kowa a gidan ya san wace iska. Daktan mutum ne mai tsabta, abin auna ƙirjinsa yana rataye a madubin mota ko ranar Lahadi, kuma idan ya ce "a likitance" sai ya ɗan dakata a yaba. Sau biyu aka gayyace shi cin abinci. Abah ya ba shi kan kifi da hannunsa.

Pak Ngah ne ya hango su Hazirah a wurin mai cendol. Kafin magariba labari ya kai Mak Long, kafin isha ya zama cewa sun riƙe hannu.

Ranar Talata ana cin abinci, Abah ya ajiye cokali.

"Na je na ga mai tikitin naki."

Mak, mahaifiyarta, ta sunkuyar da kai kan shinkafarta.

"Na gaya masa ya gama aikin da aka ba shi ya tsaya nan. Shekara talatin da biyar na yi a kwastan. Ban yi wannan wahalar don in ba da 'yata ga mai raba mukullai ba."

"Abah, ko gaisawa kun yi?"

"Ya kawo min kujera. Ban zauna ba."

Ta shiga ɗaki ta rubuta masa: "Abang, me ya ce maka?"

Sai washegari amsa ta zo, kuma ba amsa ba ce.

"Cik Hazirah, ga jerin ɗakuna na ƙarshe. An ɗan yi canji. Allah ya kai ku lafiya."

Cik Hazirah. Ta buɗe jerin. Da can ita da 'yan'uwanta mata aka haɗa, yanzu an mai da ita ɗaki ɗaya da Tok. An sauya wa Abah da Mak ɗaki zuwa wani kusa da lif, an rubuta a gefe: na mai biki, ya fi faɗi. Ɗakin Dakta kuwa ƙofa da ƙofa da nata.

Ta kira shi. Sai a kira na uku ya ɗauka.

"Kai ka sa shi a gaban ƙofata?"

"Datin ce ta nema."

"Kai kuma ka rubuta."

"Aikina ne, Cik."

"Ka ƙara ce min Cik ka gani."

Tana jin ƙarar fankar ofishin.

"Na yi wa mahaifinki alkawari ba zan neme ki ba," ya ce a hankali. "Ban yi masa alkawarin zan daina sonki ba, bai kuma tambaya ba. Ki kula da Tok."

Ta kashe wayar. Kuka ta so yi, amma haushi ya fi yawa, sai ta goge kayan mutum goma sha huɗu.

Ranar Juma'a da yamma jirgi ya tashi daga Port Klang. Mak Long ta hau da jaka biyar da hula mai faɗin faranti, ta ɗauki hoto a barandarta ta saka a gurup: "Alhamdulillah, mu dai sama." Da aka fita teku sosai iska ta taso. Ba a sake ganin Datin ba sai a Penang. Busu, wadda shekara tara ba ta yi mata magana ba, ita ta hau har hawa na sha biyar ta kai mata man shafawa da leda, don dai ta gani da idonta.

Dakta ya ƙwanƙwasa ƙofar Hazirah tun kafin a kira cin abinci. Tok ce ta buɗe.

"Yauwa, likita! Shigo ka duba min gwiwa."

Ya duba. Bayan awa ɗaya ya dawo da turare a jiki, Tok ta buɗe.

"Ɗayar ma."

Da safe ta sa ya auna mata jini, ta nuna masa wani ƙurji a bayan kunne, ta tambaye shi dalilin da ya sa take gyatsa idan ta ci kabeji. Daga nan Dakta ya koma fita ɗakinsa a kan yatsun ƙafa.

Tok ta kwanta ta ja bargo. "Wanda ya haɗa ni ɗaki da ke ya san aikinsa," ta ce. "Ki daina kumbura fuska."

Hazirah ta ɗauko jerin ɗakunan ta sake dubawa.

Hantsi ya yi, an fara hango gadar Penang, Mak ta leƙo ta ce Abah na kira. Hazirah ta same shi zaune bakin gado, Mak ta fita ta ja ƙofa.

"Buɗe banɗakin nan."

Ta buɗe. Ba dokin ƙofa, ƙasa a shafe take. Ƙarfen dafawa a bango ta ko'ina, ga kujerar zama a wurin wanka.

"Ke kika gaya masa?"

"Na gaya masa me, Abah?"

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ɗora hannu a cinyarsa ta hagu.

"Tun azumi ƙafar nan ba ta ɗaguwa sosai. Idan na zauna a kujera mai zurfi ba na iya tashi sai an kama ni. Uwarki kaɗai ta sani. Na hana ta faɗa."

Hazirah ta durƙusa a gabansa. "Abah..."

"Tsaya, ban gama ba. Na tambayi mai gyaran ɗaki. Ya ce irin wannan ɗakin guda nawa ne a jirgin duka, ba a bayarwa sai wakili ya nema ya nace. Na sa ya dubo min ranar da aka nema." Ya dube ta. "Talata. Da yammar ranar da na je na ci masa mutunci."

Jirgin ya yi ƙaho. A waje yara na gudu suna kiran Baby Babba.

"Minti goma na yi a ofishin nan, a tsaye, ina faɗa. Ashe shi ƙafata yake kallo. Bai gaya miki ba, bai gaya wa yayata ba. Ya rubuta wai na mai biki." Abah ya share ido da bayan hannu, ya ɓata rai kamar wani ne ya sa masa hawayen. "Likitan can sau biyu yana cin kan kifina. Jiya ya ce in riƙa hawa matakala, wai a likitance."

"Abah, asibiti za mu je muna komawa."

"Za mu je. Ke kuma ki gaya wa yaron ya turo manyansa. Su zo da rana, ba na son ana hana ni barci."

Layin waya bai dawo ba sai da jirgi ya jingina. Tana tsaye a bakin ƙarfe, ta rubuta:

"Abah ya ga banɗakin."

Minti ɗaya, biyu.

"Ya yi fushi?"

"Sosai. Ya ce ka turo manya."

"Zirah, kar ki yi min wasa, akwai kwastoma a gabana."

"Ka sallame shi, Abang."

"Na ba shi ɗakin da ya fi kowanne kyau. Sayang, masoyiyata, ina sonki. Wallahi kwana huɗu ban ji ɗanɗanon abinci ba."

"Ni na ci. Jirgin nan abinci kyauta ne. Amma ni ma ina sonka."

Manya suka zo da zobe ranar wata Lahadi. Mak Long ta karɓe su da kanta, ta shaida musu cewa ita tun ranar farko ta ga alamar arziki a yaron, ita ce ma ta ce a je ofishinsu. Ba wanda ya musa, ana cin kek.

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura auren a masallacin unguwa. Abah ne ya riƙe hannun Fakhrul da kansa ya ba shi auren. Fakhrul ya karɓa da numfashi ɗaya, bai yi tuntuɓe a ko harafi ba, shaidu suka ce ya ɗauru. Abah bai saki hannun da wuri ba, sai da liman ya yi gyaran murya.

Da rana aka zaunar da ango da amarya a kan kujerar biki, manya suka yi layi suna yayyafa musu ruwan wardi a tafin hannu. Tok ta zo ƙarshe, ta zuba fiye da ƙa'ida.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da 'ya'ya masu jin magana. Allah ya sa ku tsufa tare, ku gaji da juna, ku ƙi rabuwa."

Jama'a suka ce amin.

Fakhrul ya ɗan karkato, bakinsa bai ko motsa sosai ba saboda masu hoto.

"Sayang, kin yi kyau har tsoro nake ji."

"Kalli gaba, Abang," ta ce, tana ɓoye murmushi. "Yau kawai aka ce kai sarki ne. Gobe kai za ka mayar da kujerun haya."