Kwalbar Ruwan Teku

Ina durƙushe a tsakar gida ina tsince shinkafa sai ga maigidana Muhsinu ya shigo da wata tsohuwar kalanda a hamata. A shekarar 2001 ne. Muna zaune a gidan iyayensa cikin Diffa, gonarmu ta tattasai kuma tana bakin kogin Komadugu, ta wajen Geskeru.

"Sakinatu, bar shinkafar nan ki zo ki gani!"

Ya shimfiɗa kalandar bisa tabarma. Hoton wani kogi ne yana zubowa daga kan duwatsu, yana faɗawa cikin wani ruwan da ba a ganin ƙarshensa, ga itatuwa kore shar.

"Ina ne nan kuma?"

"Kiribi, a ƙasar Kamaru. Wannan shi ne teku! Ilu direba ya ba ni. Ya ce ana shiga kwale-kwale a bi kogin nan har cikin kurmi. Akwai kuma wani dutse a garin Buweya, in ka hau sai ka ga gajimare a ƙasanka."

"Allah mai iko," na ce, na koma wajen shinkafata.

"Zan je, Sakinatu."

"Me za ka kai ka sayar?"

"Ba komai."

"To wa za ka gaida a can?"

"Ba ni da kowa. Gani kawai zan yi, ni kaɗai."

Na yi dariya har sai da ƴarmu Rahma ta farka a bayana. Shi ko bai yi ba. Shekara biyar da aurenmu a lokacin, na san yadda yake yin shiru in abu ya shiga ransa. Tun yana zuwa zance wurina a Baruwa yakan tsaya bakin kogi ya ce shi dai yana son ya ga ruwan da ba ya janyewa da rani. Bai taɓa wuce Damagaram da Maiduguri ba.

Ya sayo littafin rubutu irin na ƴan lakwal, wato makarantar boko. Ni aji shida na tsaya, amma hannuna ya fi nasa kyau, don haka ni ce marubuciya. Kullum bayan la'asar sai mu zauna ƙofar ɗaki, yana faɗi ina rubutawa: a ƙetare zuwa Damasak, sai Maiduguri, sai Banki, Marwa, Garwa, Gaundare. Daga can jirgin ƙasa zuwa Yawunde, sai mota zuwa bakin teku. Muka rubuta takardun ƙetare iyaka, da katin rigakafi, da yadda ake neman ɗan jagora kafin a hau dutse. Ya samo wasu takalma masu nauyi a gwanjo, irin na soja. Da yake yankinmu ba shi da ko tudun kirki, sai ya riƙa saɓa buhun yashi yana hawa gaɓar kogi yana sauka. Masunta suna tsayawa su kalle shi.

"Muhsinu, aljanu ne suka ɗora maka dako?"

"Tirenin nake yi!" in ji shi, yana haki.

Ya tsara tafiyarsa a watan biyar, bayan an sayar da tattasai, kafin a zuba irin wata shekara. Ranar da Ilu ya zo gida ya ga littafin, dariya ya yi har hularsa ta faɗi.

"Kai a zatonka ko'ina damina wata uku ce kamar tamu? Can fa lokacin ruwa ya riga ya kankama! Dutsen ya yi santsi, hazo ya rufe komai, hoton nan ma ba za ka gan shi haka ba. In kana son gani, ka je a watan ɗaya."

Watan ɗaya shi ne tsakiyar tsinkar tattasai. Lokacin ne ake ban ruwa, ana tsinka, ana shanya, ba manomin da ke kai wa ko Bosso ziyara. Muhsinu ya rufe littafin ya tura shi ƙarƙashin katifa. Kwana huɗu yana cin abinci kamar magani.

Rana ta biyar na ciro littafin na ajiye masa kusa da kwanon tuwo.

"Baban Rahma, ka je. Ni zan riƙe gonar."

"Ke? Injin ban ruwa fa? Kin taɓa ko jan igiyarsa?"

"Sauran wata biyu. Koya mini."

Da maganar ta kai kunnen mahaifiyarsa, Inna Fanna, ta tara mu a rumfarta tare da wansa, Yaya Maina. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba.

"Ba Makka ba, ba fatauci ba, ba ta'aziyya ba! Mutum ya bar gonar ubansa jawur ya tafi kallon ruwa? Ga ruwa nan a bayan gari!"

"Inna, wancan daban ne..."

"Rufe mini baki!" Sai ta juyo kaina. "Ke ce ai. Matar kirki zaunar da mijinta take yi. Ke kuwa har rubuta masa hanya kike yi, kamar kin gaji da ganinsa."

Yaya Maina ya ce, "Ni dai kada wanda ya kira ni in inji ya tsaya. Na faɗa tun yanzu."

Muhsinu ya sunkuyar da kai ya ce shi ba zai sa ƙafa waje ba sai da albarkarta. Sai Inna ta dube shi.

"Ban hana ka ba. Allah ya kai ka ya dawo da kai. Amma in gonar nan ta lalace a hannun matarka, ta tattara kayanta ta koma Baruwa. Ba za ta ƙara kwana gidan nan ba."

"A'a Inna, in haka ne na fasa! Ba zan sa aurena..."

"Na yarda, Inna," na ce. Hawaye na zuba a kan zanena, amma na faɗa.

Da muka koma ɗaki ya yi ta faɗa. "Haba Sakinatu! Teku ya fi ki ne a wurina?" Na ce masa ban ce ya fi ni ba, amma na gaji da zama da mutumin da rabin zuciyarsa ke cikin kalanda. Na ce ya je ya ɗauko zuciyar tasa ya dawo mini da ita.

Wata biyu yana koya mini inji: yadda ake cika tiyo da ruwa kafin a tayar, yadda ake kwance buji, wato fulogin inji, a goge shi, yadda ake buɗe wa kowane fangali ruwa a toshe shi da laka. Ranar da zai tafi na soya masa garin gero da ƙuli, na ɗinke takardunsa cikin leda a aljihun ciki. Ya durƙusa gaban Inna, ta dafa kansa, amma ni ko kallona ba ta yi ba.

Kwana ashirin da huɗu ya yi. Na koma bukkar gona da Rahma a baya, tare da matan da ke mana tsinka. Ƙurar busasshen tattasai ta sa ni tari har ƙirjina ya yi ciwo, tafin hannuna ya fashe da jan igiya. A kwana na tara inji ya mutu da tsakar rana, ga fangali goma sha biyu suna jiran ruwa. Na ja, na ja, shiru. Gonar Yaya Maina tana jikin tamu, yana tsaye yana kallona, hannu a baya. Na zauna a kan laka na yi kuka mai isata. Sannan na share ido da bakin zane, na kwance buji, na kankare baƙin da ke kansa kamar yadda aka nuna mini, na ce bismillahi. A ja na uku ya tashi! Matan suka rangaɗa guɗa har masunta suka leƙo.

Duk Juma'a nakan shigo gari in gaida Inna, ta amsa da ka kawai. Ban fasa ba. A sati na uku sai ga ta da kanta a kan amalanke, da kwanon burabusko a cinya. Ta sauka ta zagaya shanya. Tattasai ya rufe yashi jawur, ba ruɓaɓɓe ko ɗaya. Ta ɗauki guda ta karya, ta ji ƙarar bushewarsa. Ta kalli hannuwana.

"Zauna ki ci tun da zafi," abin da ta ce ke nan.

Muhsinu ya dawo ya rame, ya yi baƙi, takalman sojan sun buɗe baki. Tsarabarsa kwalba ɗaya ce cike da ruwa. Ya ba da labarin sanyin kan dutse da ya sa shi kiran sunan Inna, da birai a kan itatuwa, da yadda igiyar teku ta kayar da shi gaban yara suna dariya. Inna ta ce a ɗiga mata ruwan a tafi. Ta lasa, ta tofar.

"Gishiri! Wannan ka bar gona ka je gani?"

Gida ya kaure da dariya, har Yaya Maina. Amma daga ranar, kullum la'asar sai ta ce, "Zo ka sake ba ni na jirgin ƙasan nan."

Shekara huɗu muka ƙara tare, kuma su ne mafi daɗi a rayuwata. Bai sake zancen tafiya ba. A damina ta 2006 zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana shida Allah ya karɓi abinsa. Ranar ƙarshe ina shafa masa ruwa a goshi ya ce, "Sakinatu, na fa ga teku." Na ce na sani. Ya ce, "Ke kika kai ni."

Da na fita takaba, Yaya Maina ya kawo shawara a haɗe gonar da tasa, ni in koma gidanmu, tunda noma ba aikin mace ba ne. Inna tana jan carbi, ba ta ko ɗaga kai ba.

"Ranar da inji ya mutu kana ina, Maina? Wadda ta riƙe gonar yana raye, ita za ta riƙe wa marayunsa. Ba inda za ta."

Da ya fita ta kama hannuna. "Ƴata, da kin bi maganata kin zaunar da shi, da ɗana ya shiga kabari da abin nan a ransa. Ki yafe mini." Muka rungume juna muna kuka.

Ni ba mai ilimi ba ce, amma ga abin da na gane, ina kuma faɗa wa ƴan matan da ke mini tsinka. In kina son mutum, kada ki kashe masa abin da ransa ke so don tsoron bakin dangi. Kada kuma ki yi wa iyayensa rashin kunya don sun ƙi fahimta. Ki yi haƙuri, ki riƙe gaisuwa, ki yi aikinki. Allah yana juya zuciya, na ga ya juya ta Inna.

Kwalbar tana nan bisa kabad ɗina, kusa da littafin. Ruwan ya ragu da kamar yatsa biyu. Bara Rahma ta ce in buɗe mata ta ɗanɗana. Na ɗiga mata kaɗan a tafi, ta ɓata fuska kamar kakarta, ta ce, "Inna, gishiri ne!" Na ce haka Babanki ya samo shi, na mayar da murfin na ɗaure sosai.