Sun Ce Mini Mai Allura

Na ɗaga gefen rigata ke nan na tsunkulo fatar cikina, allura na hannuna, sai na ji an yaye labulen ɗakin.

"Innalillahi! Mi nika gani haka?"

Hajiya Tata ce, mahaifiyar Ramalan, saurayin da ya rage kaɗan manyansa su zo neman aurena. A bayanta ga Sadiya, ɗiyar ƙanwarta, ta rungume hannuwa. Tare muka yi lakwal, makarantar boko, da Sadiya, ta san sarai kafin cin abincin rana nake yin allurata.

Duk da haka na soka. Na tura maganin har ƙarshe, sannan na durƙusa.

"Ina wuni, Hajiya... Insulin ce. Ina da ciwon sukari tun ina ƙarama."

"Kullum kike wanga abu?"

"Kullum, Hajiya. Safe da rana da dare."

"Ai na faɗa miki, Inna," in ji Sadiya. "Irinsu ba sa haihuwa. Ƙarshenta ma a yanke ƙafa."

Hajiya ta dube ni tun daga sama har ƙasa. Ba ta zage ni ba. Da ma zagina ta yi!

"Allah shi ba ki lahiya, ɗiyata. Amma ɗana guda gare ni. Ba ni ɗauko mai jinya."

Ta ja mayafinta ta fita, ko ruwan da Mamana ta kawo ba ta sha ba.

Ramalan kam ya daɗe da sani. Ranar da muka fara haɗuwa ma, a kasuwar Arlit, sukarina ne ya faɗi. Gumi ya karyo mini, gwiwoyina suka saki a gaban rumfar mai atamfa. Mutane na ta cewa iska ce, shi kaɗai ya sunkuyo ya tambaye ni, "Me kike so a kawo?" Na ce abu mai zaƙi. Ya ruga ya dawo da dabino cike da hularsa. Tun daga ranar aljihunsa bai ƙara rabuwa da dabino ba.

Bayan tafiyar Hajiya, da la'asar ya zo, idanunsa jajur.

"Sa'ata..."

"Kada ka ce komai, Ramalan."

"Ta ce in na sake tako gidan nan ba ta yafe ba. Na roƙe ta har na gaji. Zan ɗauki kamiyon ruwa zuwa Tchibarakaten, wurin masu haƙar zinariya, in bar ta ta huce. Ba rabuwa ba ce, wallahi ba rabuwa ba ce!"

"Can ɗin da babu rezo, kira ba ya shiga?"

"In na hau dutse ana samu jefi-jefi. Ki yi mini alkawari ɗaya, hasken idona. Ki ci abinci a kan lokaci."

Na yi dariya ina hawaye. Sauran samari zobe suke bari, nawa cin abinci ya bar mini.

Ya tafi.

Aka shiga zafin bazara, irin na Arlit da ƙofar ƙarfe ke ƙona hannu. In aka ɗauke kuran, babu lantarki, firji ya huce, sai in naɗe kwalaben insulin a jiƙaƙƙen tsumma in ajiye su gindin randa, in zauna ina yayyafa musu ruwa kamar mai renon jinjiri. A nan nake tuna shi. Duk kamiyon da ya taso daga arewa sai na leƙa ta katanga. Duk ƙarar talho sai gabana ya faɗi.

Wani lokaci kiran na shigowa.

"Sa'a... kina ji... na ce kin..."

Ɗif!

Sai in rungume talhon, in ƙarasa maganar da bakina.

A unguwa kuwa suna ya bi ni. Mai allura. Da azumi ya zo likita ya hana ni ɗauka, sai na koma cin abinci a ɓoye kamar ɓarauniya, don kada a ƙara mini wani sunan.

Bayan salla Sadiya ta tare ni a bakin famfo, hannunta sharkaf da lalle.

"Ba ki ji ba? An ba Ramalan ni. Ya amince ta talho. Ki yi haƙuri, kowa da lafiyayye yake so ya tsufa."

Na koma gida na buɗe firji na zuba wa kwalaben nan ido. Su ne suka raba ni da shi. Na tsane su, na tsani tabon da suka bari a cinyata da cikina. Na rufe firjin.

Ban yi allura ba ranar. Washegari ma ban yi ba.

Ƙishirwa ta fara, na sha ruwa kamar raƙumi bai kashe ta ba. Sai amai, sai ciwon ciki, sai numfashi da ƙyar. Abu na ƙarshe da na ji shi ne ihun Mamana tana kiran maƙwabta.

A asibiti na farka, ana ƙara mini ruwa. Dorkas, ma'aikaciyar jinyar da ke duba ni tun ina yarinya, tana tsaye a kaina fuska a murtuke.

"Saura ƙiris, Sa'a. Ƙiris! Saboda namiji?"

Na kau da kai.

"Dube ni. Allurar nan ba ita ce ciwonki ba, ita ce ranki. Kin ga uwarki can? Ko runtsawa ba ta yi ba."

Na dubi Mama a kan tabarma, ta rame a 'yan kwanakin nan, carbi a hannunta. Kunya ta rufe ni. Da aka kawo allurar rana na ce Dorkas ta ba ni, da hannuna na yi. Na ce a raina, ko ya dawo ko bai dawo ba, ba zan sake wasa da raina ba.

Ana jibi za a sallame ni na ji hayaniya a baranda.

"Ina take? Ku bar ni in gan ta!"

Ramalan ya shigo, rawaninsa duk jan ƙasa, leɓɓansa a tsattsage. Wani direba, Ismaghil, shi ya kai masa labari a bakin ramin zinariya. Ramalan ya bar kamiyonsa can ya hau motar farko.

"Sa'a, me kika yi mini? Me kika yi mini?"

"Ina amaryarka?"

"Wace amarya?"

Da na faɗa masa, sai ya zauna daɓas a ƙasa ya dafe kai.

"An yi mini maganar, na ce a'a. Sau nawa ina hawa dutse don in gaya miki! Ke ce ko babu, Sa'ata."

Ban san Hajiya Tata na bakin ƙofa ba. Ta biyo ɗanta ne don ta mayar da shi gida. Ta ji komai, har ƙaryar Sadiya. Ta daɗe tana kallon robar ruwan da ke hannuna, sannan ta juya wajen Dorkas.

"Ke malama, hwaɗa min gaskiya tsakaninki da Allah. Tana haihuwa?"

"Haihuwa ta Allah ce, Hajiya. Amma masu irin ciwonta na haihuwa, na karɓi 'ya'yansu da hannuna. Sai dai awo a kai a kai, da kula sosai. Ba zan ce miki babu wahala ba."

"Ciwon ba ya warkewa?"

"Ba ya warkewa. Zama ake yi da shi."

Hajiya ta fita. Ba ta ce ta yarda ba, ba ta kuma ja ɗanta ba.

Almu, kawun Ramalan, ne ya jagoranci manya zuwa wurin Babana. Har aka sa rana, har aka shafa fatiha, ban ji daga bakin Hajiya ba. Na shiga ɗakina da farin ciki rabi, ina tunanin yadda zan zauna da uwar miji da ba ta son ganina.

Washegarin tarewa da hantsi aka yi sallama. Ita ce, ita kaɗai, ta ɗaura zane a ƙugu. Na durƙusa zan gaishe ta, ta wuce ni kai tsaye zuwa madafa tana buɗe tukwane.

"An kawo muku hura da sukari, ga gato, ga lemu. Waɗanga mutane ba su da hankali!"

Ta ture su gefe, ta juyo tana harara ta, amma muryarta na rawa.

"To tashi mana, ɗiyata. Zo ki gwada min abin da kike ci da wanda ba ki ci. Ni ba ni son in kashe matar ɗana da girkina."

Ramalan na bakin ƙofa yana goge ido da gefen rawani. Ni kuwa na tashi, na ɗauko mata kujera.