Harsasan Firdaus

Ranar Asabar da hantsi Firdaus ta buɗe durowarta a ma'ajiyar kulob ɗin harbi da ke bayan Al Wukair a ƙasar Qatar, ta tarar wayam. Akwatin harsasanta ya yi ɓatan dabo.

Ba na kasuwa ba ne. Tun da korona ta sa kaya suka yi wuyar shigowa take zama a ɗakin haɗa harsashi na kulob, tana gwada albarushi iri-iri da kan harsashi mai nauyi da marar nauyi, har ta dace da wanda bindigarta ke so. Bindiga kamar ciki ce, ba kowane tuwo take karɓa ba. Da wannan haɗin take ba maza kashi a gasa, ga ta ɗaliba.

Wanda ya shiga uku shi ne Yusif, ɗan Zangon Kumasi, mai tsaron ma'ajiyar. Doka ta hana harsashi fita daga kulob. Manajan kulob ya ce in azahar ta yi ba a ga akwatin ba, khalas, shi ke nan, zai kira 'yan sanda, kafil kuma, wato ubangidan da ya tsaya wa Yusif, ya soke takardar zamansa a ƙasar. Ga matarsa Fuseina tana ta shirin zuwa kallon Ghana a kofin duniya, rabonsu da juna tun kafin annoba.

Injiniya Haliru, ɗan mafarauci daga Ningi kuma dattijon Hausawan kulob, ya roƙi a ba shi zuwa azahar ɗin. Kyamara ta nuna wani dogo cikin farar jallabiya da takunkumi ya shiga ma'ajiyar ranar Alhamis da la'asar. A Doha wannan daidai yake da ka ce ka ga mai hula a Kano.

"Ina kake lokacin?" Haliru ya tambayi Yusif.

"Masallaci, Alhaji. Na bar ƙofa a saye. Wannan kam laifina ne."

Haliru ya dube shi. Gajere ne duƙus, ko ya hau turmi bai kai na kyamara ba.

Dogaye biyu ne suka san durowar. Ya kira Abdulhakeem, mai koyar da harbi.

"Yaya, ni da ke killace a Bin Omran?" ya ce cikin tari. "Tun Talata gwajin korona ya kama ni."

Saura Dakta Ghali, wanda kullum yake zuwa na biyu bayan Firdaus. Haliru ya same shi a filin harbi yana tsaki, yana kokawa da bindigar da ta ƙi sakin kwanson harsashi.

"Dakta, yau lafiya? Duk harbinka ya haura sama."

"Iska ce."

Tutar filin ko motsi ba ta yi.

"Harsasan nan fa?"

"Haɗina ne. Yanzu na ɗauko su daga ma'ajiya."

Haliru ya ɗora tafin hannunsa a kan akwatin harsasan Ghali, ya ɗan jima. Sai ya yi murmushi.

"Dakta, ma'ajiyar nan sai da rigar sanyi ake shiga. Wannan kuwa ɗumi gare shi kamar burodin da ya fito daga tanda. Mu je motarka."

Ghali ya so ya yi gardama, amma manaja ya iso. A ƙarƙashin kujerar direba aka zaro akwatin Firdaus, da sauran harsasan a ciki, ƙarfensa ba ya taɓuwa don zafi.

A ofis Haliru ya warware musu zare da abawa. Ghali ya ɗauki akwatin ranar Alhamis, ya ji tsoron shiga da shi gida, ya bar shi a mota cikin zafin ranar Agusta. Yau ya juye wasu a nasa akwatin.

"Babana ba ya barin albarushi a rana," in ji Haliru. "In ya sha zafi, ƙarfinsa ƙaruwa yake. Shi ya sa harbi ya haura, kwanso ya maƙale. Allah ne ya tsare maka fuska."

Ghali ya sunkuyar da kai. "Na zaci sirrin a harsashin yake."

"Haba Dakta," Firdaus ta ce, takaici ya cika ta. "Don bindigata na haɗa su, ba taka ba. Da ka tambaya, ai da na zauna mun nemo naka."

Manaja ya karɓe katin Ghali, ya ce sauran maganar tsakaninsa da hukuma ne. Yusif kuwa ya sha faɗan ƙofa, ya karɓa hannu bibbiyu. Wallahi ban taɓa jin labarin wanda aka yi wa faɗa yana murna haka ba.

Yana fita ya lalubo waya.

"Fuseina? A'a, ba komai, lafiya lau." Ya goge ido da bayan hannu. "Ki ci gaba da ɗaure kaya. Ina nan, ni zan tarbe ki."