Gogen Sylvanus da Idon Mama Vicky

Abu biyu Mama Vicky ta rasa a bana: 'yarta tilo da aure ya ɗauke, da kuma sunan da ta yi a kasuwar unguwar Television na matar da ba a taɓa ganin hawayenta ba. Abin da ta samu kuwa suruki ne mai goge.

Tun da mijinta Shekari ya rasu a hatsarin hanyar Abuja take sayar da doya, kuma har direbobin Binuwai sun san ba a cin ribarta. Ranar jana'izarsa ma idonta a bushe ƙamas.

Wata Asabar da hantsi ta tarar da 'yarta Vicky gaban turmi, tattasai ba a daka ba, waya a kunne, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Ke! Wa ya mutu?"

"Ba kowa, Momi. Waƙa ce Sylvanus ya turo mini. Fado sunanta, ta mutanen Fotugal."

Sylvanus shi ne ɗan Filato mai goge irin na Turawa a cocinsu, wanda danginsa suka zo neman auren Vicky. Mama ta fizge wayar. A bidiyon, wata mata ce cikin baƙin mayafi, ido rufe, gefenta mai gita mai zagayayyen ciki, bayanta masu goge a jere, har da wani ƙato da ake tokarewa tsakanin gwiwoyi.

"Kina jin yarenta?"

"A'a."

"To kukan me? Yarinya ta yi kuka kan abin da ba ta ji ba? Asiri ne! Ko ma matarsa ce ta can, wa ya sani?"

"Haba Momi, filis! Ko Legas bai taɓa zuwa ba!"

Nan take Mama ta dakatar da maganar aure. Vicky ba ta ɗaga mata murya ba. Ta ci gaba da jera doya a rumfa, tana ramewa. Sylvanus ya riƙa zuwa gaisuwa, Mama na amsawa da hanci tana leƙen aljihunsa ko za ta hango laya.

Da damina ta yi nisa, Baba Isaac, ƙanen marigayi, ya zo.

"Matarmu, yarinyar nan za ta ƙare fa."

"Baba, asiri da suna ake yin sa," in ji ta. "Ya zo ya kaɗa a gabana. In da sunan Vicky aka haɗa, ni ba zai taɓa ni ba, sai ya kwashe gogensa ya tafi. In ya taɓa ni, na yarda waƙa ce."

Ta tabbata ta gama da shi.

Lahadi bayan coci Sylvanus ya durƙusa a baranda gaban Mama, Baba Isaac da Vicky na gefe. "Mama, yawanci waƙar kewa ce. Wannan ta matar da mijinta ya shiga teku bai dawo ba."

"Ban tambaye ka ba. Kaɗa!"

Ya kunna waƙar a sifika. Gitar ta fara kamar ɗigon ruwa a kwano, ƙaton gogen ya shigo da gurnani a hankali, sai muryar matar ta tashi, ta yi rawa, ta karye. Sylvanus ya bi ta da nasa gogen kamar mai rarrashi. Mama ta harɗe hannu, ta cije leɓe. Sai ta tuna safiyar da Shekari ya ce ta ajiye masa tuwo, yanzu zai dawo. Ta ga in ta daure ta ci gardama, amma Vicky ta rasa masoyi. Ta dubi wuyan 'yarta da ya zama kamar sillen kara.

Kuka ya ƙwace mata, irin wanda maƙwabta suke leƙowa.

Haƙurin yaran nan ne ya yi musu rana. Iyaye kuma su sani, ba duk abin da ba mu gane ba ne mugun abu. A saurara kafin a yanke hukunci.

Mama ta share fuska da bakin zane, ta koma 'yar kasuwarta, ta dubi Baba Isaac.

"Baba, akuya da gishirin sadaki na dangi ne, ku daidaita. Nawa kason daban. Duk ranar da Shekari ya cika shekara da rasuwa, yaron nan zai zo barandar nan da gogensa ya kaɗa mini wannan waƙar, ƙofa a rufe, kada 'yan kasuwa su gani. Farashina ke nan. Ba ragi!"