Itacen Tuffar Mama

"Shekara nawa kuma, Odessa? Faɗa min kawai in san inda na tsaya."

Wendell ne, saurayina kafinta, tsaye a bayan gidanmu da safiyar Ista, da kwat ɗin coci a jikinsa, hayaƙi na shigar masa ido. Ni kuwa sai juya cokali nake a kwanon zumar shafa wa nama, na kasa tsayawa wuri ɗaya.

"Don Allah rage murya, Baba na ciki..."

"Shekara uku ina rage murya, masoyiyata. Aikin da na samu a jihar Oregon ba zai jira ni ya wuce watan gobe ba. Ko mu tafi da aure, ko in tafi ni kaɗai."

Ya san alkawarin sarai. Shekarar da Mama ta rasu, iska ta kayar da bishiyar tuffarta. Baba ya faskara ta ya jera a rumfa, da itacen yake bandar cinyar alade duk Ista. Ni da bakina na ce masa ba inda za ni sai itacen nan ya ƙare. Na ɗauka shekara biyu ce. Ga mu a ta shida, tulin itace ko ramewa bai yi ba, ni ce nake ramewa.

Baba ya leƙo ta taga.

"Kai kafinta, tunda surutu ka zo yi, ɗauko min guda biyu a rumfa. Kuma kada wanda ya buɗe min murfin gangar bandar nan."

Wendell ya je ya dawo a hankali. Na ga ya shinshina itacen, ya kankare ɓawon da farce. Baba ya fito yana ɗaura ƙyallen girki.

"Lafiya? Miƙo mana."

"Baba... wannan ya ɗan sha damshi ne. Bari in canjo wani."

Wendell bai iya ƙarya ba, kunnensa ke yin ja ya tona masa asiri. Na fizge itacen daga hannunsa. Inda ya kankare kore ne shar, har da ruwa-ruwa. Na juya wurin Baba.

"Baba, itacen da ya shekara shida a rumfa ne ɗanye haka?"

Baba ya kalli ganga, ya kalli ƙasa. Sai ya zauna a kan benci.

"Na mamanki ya ƙare shekara uku ke nan," ya ce. "Gonar tuffar Hollis nake zuwa in sayo wani in kina wurin aiki."

"Shekara uku, Baba!"

"Na sani."

"Kana kallona ina kuka a kicin, kana kallon mutumin nan yana jira..."

"Ina kallo. Tsoro nake ji, Odessa. In kika tafi, wa zan yi wa faɗa a gidan nan?"

Wallahi na so in yi fushi da shi har ƙarshen rayuwata. Amma sai a ranar na lura da yadda ya tsufa. Na ji haushinsa, na ji tausayinsa, na rasa wanne zan riƙe.

Ya miƙe ya shiga gida. Na yi ta kai da kawo tsakanin ganga da ƙofa, Wendell na cewa in zauna, ina cewa ya ƙyale ni.

Da Baba ya dawo, yana riƙe da wani abu naɗe a ɗankwalin cocin Mama. Ya warware. Guntun itace ne, busasshe ƙayau, bai fi tafin hannu ba.

"Wannan ne na gaskiyar. Shi kaɗai ya rage." Ya miƙa wa Wendell. "Ka gano ni, ka kuma so rufa min asiri. Kai za ka sa shi a wuta, ɗana."

Wendell ya durƙusa, bai damu da kwat ɗinsa ba, ya ɗora shi a kan garwashi. Hayaƙin ya taso siriri, da ƙamshin da na manta na taɓa sani. Hawaye suka ɓalle min.

"Ya ƙare ke nan, Baba?"

"Ya ƙare, 'yata."

Ya ɗaga murfin gangar da kansa, ya ɗora hannunsa a kan nawa, muka tsoma buroshi a zuma.

"Buɗe ido ki ga yadda ake shafawa," ya ce. "A Oregon ba wanda zai nuna miki."