Tumbin Arzika

"Dubi wuyanshi! Ke dubi wuyan ɗana!" Inna Tabawa ta nuna ƙofa da muciya. "Yaro ya cika ya yi kyau bayan aure, yanzu kin maishe shi karan dawa!"

Zinariya ta durƙusa. "Inna, wallahi ba yunwa ba ta..."

"To mi na? Mutanen Gwashi na da idanu. Ango in ya rame matatai aka zagi, sannan a zagi gidan!"

Zinariya ta san tana da laifi, amma ba wanga ba. Tun da anka kawo ta ɗakin Arzika, ɗan kokawar da duk ƙasar Bukkuyum ke taƙama da shi, sai ta zuba mai soyayya cikin akushi. Fura da kindirmo da safe, tuwo na iyo cikin man shanu da dare. Shi ko shina ci shina ɗaga turmi da buhun gero, damatsa na ƙaruwa, tumbi na biye.

Ranar wasan Gummi asiri ya tonu. Dabo na Anka, wanda bai kai rabinshi ba, ya yi ta kewaya shi har Arzika ya fara haki, sannan ya shimfiɗe shi gaban jama'a.

Arzika ya dawo gida ya tuɓe layunshi ya jefa bayan gado. "Na bar kokawa, Zinari."

"Ba ka bari ba, zakina. Ƙarfi kana da shi, numfashi na babu. Ni na ɓata, ni za ni gyara."

Ɗiyar makiyaya ce, ba ta taɓa ganin mai bin shanu da tumbi ba. Sai ta tsara mai. Kullum bayan asuba, kafin ya sa komai a baki, tafiya da sauri har bakin gulbi. Litinin da Alhamis gudu cikin yashi, ya sheƙa ya huta, ya sake sheƙawa. Turmin ma bai aje ba, kada damatsa su zube. Ta janye man shanu, ta ƙaro wake da ƙwan zabi. Wata biyu, tumbi ya lafe.

Shi na abin da Inna ta gani.

"Ko ki maido min ɗana yadda yake, ko ki tafi gidanku har sai na aika!"

Daidai nan Arzika ya yi sallama, zufa na tsiyaya. "Inna, in ta tafi ni ma..."

"Kul!" Zinariya ta tare shi, hawaye a idonta. "Ba a kaina za ka ɗaga ma Inna murya ba."

Ta juya. "Inna, ki ba ni zuwa wasan Bukkuyum. Dabo za ya zo. In ɗanki ya faɗi, da ƙafata za ni tafi, ba sai an raka ni ba."

"Ke ko tsoro ba ki ji?"

"Na ga gudunshi, Inna. Sauran na Allah na."

Ranar wasa Zinariya ta ɗaure kayanta cikin zane ta aje bakin ƙofa, don kada a ce ta yi magana biyu. Ta yi la'asar ta daɗe bisa tabarma.

Kafin magariba sunka ji kalangu daga nesa. Inna ta miƙe, ta zauna, ta sake miƙewa. Kiɗan na matsowa, har sunka tsinci kirarin Arzika a ciki!

Ya shigo da ƙasa a jiki, shina dariya. "Inna, na kada Dabo! Ya kewaya, ya kewaya, shi ya fara haki! Ni ko kamar yanzu anka fara!"

Ya dubi matarshi, murya ta yi ƙasa. "Zinari... rabin raina."

Ta rufe fuska da gyale, kuka da dariya sun haɗe mata.

Inna ta taɓa haƙarƙarinshi ta yi tsaki. "Har yanzu dai ƙashi na." Sai ta sunkuya da kanta ta ɗauki ƙunshin kayan nan ta miƙa ma Zinariya.

"Maida ɗaki, ɗiyata. Gobe ki tashe shi da wuri ya tafi gulbinshi. Amma ran Juma'a ni ka ba shi tuwo, kuma man da ni ka zubawa ba ruwanki."

"To, Inna."

Inna ta ɗaga murya. "Mai cewa ya rame kuwa, ya zo ya kada shi mu gani!"